Ranar da Na Saki Totur

Da sunan Allah nake farawa, shi ne ya ja mini kwana har na iya riƙe alƙalami bayan furfura ta riga ta fito. 'Ya'yana, kun tashi kuna jin mutane suna cewa haƙuri ne ya ba ubanku gareji. Ko malaminmu na ajin yaƙi da jahilci, ranar da na fara haɗa sunana a kan allo, sai da ya ce wa 'yan aji su yi koyi da haƙurin Malam Umaru. Na sunkuyar da kai ban musa ba. Akwai haƙuri a cikin labarin, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai mutumin da sunansa ya ɓaci a garin nan saboda ni. Sunansa Bulus, shi ne maigidana, kuma don in wanke shi na zauna rubuta wannan babi.

Na baro Dundaye bayan fari ya cinye mana gona shekara biyu a jere. A lokacin na haura talatin, ina da uwarku, babbar yayarku tana goye. Soja ke mulki, kuɗin fetur sun fara shigowa, an ƙara wa ma'aikata albashi, sai ga babura da motoci sun cika Sakkwato kamar an buɗe musu ƙofa. Mota kuwa ba ta rabuwa da ciwo, don haka bakanike ya zama abin nema. A wajen Ƙofar Atiku akwai wani babban dogonyaro, a gindinsa Oga Bulus ke aiki. Mutumin duwatsun wajen Jos ne, Kirista, gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya son yawan magana. Masu gareji uku sun riga sun sallame ni, sun ce gemu ba ya koyon sana'a. Shi ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ka iya karatu?"

Na ce, "Ban iya na boko ba."

"Ka iya jira?"

"Manomi ne ni, Oga."

"To, ka iya rabin aikin. Ɗauko wancan sifana."

Shekara biyu na yi a hannunsa kafin abin da zan faɗa ya faru. Gidan da yake haya yana bayan garejin, katanga ɗaya ta raba. Matarsa Saratu ba ta taɓa sauke tukunya ba tare da ta miƙo mini kwano ta saman katanga ba, kuma kullum sai ta tsokane ni, "Ɗan Dundaye, ci a hankali, ba alade a ciki, na rantse da Oganka." In lokacin salla ya yi, ko muna ƙarƙashin mota, Bulus ne ke fara cewa, "Umaru, an kira ka, tashi."

A bazarar wannan shekara Alhaji Sidi, babban ɗan kasuwar hatsi, ya kawo akori-kurarsa injin ya gaji liƙis. Tana shan baƙin mai kamar ruwa, tana hayaƙi, ba ta hawa ko tudun ƙofar gida. Bulus ya ce sai an sauke injin an yi masa aikin gaba ɗaya. Wannan shi ne aiki mafi girma da ya taɓa shigowa gindin bishiyar, kuma duk kasuwa ta san da shi, don abokan Alhaji sun ce ya kai ta Kano, shi kuma ya ce a'a, akwai mai hannu a gida. Muka sauke, muka wargaza, muka wanke kowane ƙarfe da kananzir muka jera a kan tabarma. Aka canza fistin da ringi. Aka aiko da sabon kamshaf daga Kano. Kamshaf wata sanda ce ta ƙarfe mai tudu-tudu kamar ƙusumbi, tana juyawa a cikin inji, tudun nan su ke ture ƙananan ƙarafa su buɗe bawul su rufe, iska da mai su shiga, hayaƙi ya fita. Ni na warware shi daga takardarsa mai maiƙo, yana ƙyalli, ba ko ƙwarzane. Bulus ya shafe kowane tudu da man shafawa mai kauri, da yatsansa, a hankali kamar mai yi wa jariri wanka.

Daren da za mu wayi gari mu tayar da injin bai yi mini dogon bayani ba, sai da safe, bayan mun zuba mai da ruwa, ya duba wuta sau uku don ta kama da bugu ɗaya. Ya zaunar da ni a kan taya.

"Saurara da kyau. Sabon kamshaf da ƙarafan da ke hawa kansa ba su san juna ba. Minti ashirin na farko su ne za su saba, ko su ci juna. Mai ba ya kai musu sai injin na gudu, shi ke watsa musu shi. Da ta tashi, ka ja totur ka riƙe, ta yi kuka sosai, kana ɗan ƙarawa kana ɗan ragewa. Kada ta sauka silo."

Silo shi ne ɗan gurnanin nan da mota ke yi in tana tsaye ba a taka ta ba.

Na ce, "In wani abu ya faru fa?"

"Ka kashe ta. Kashewa ba ta ɓata komai. Silo ne ke kashe kamshaf. Ka ji?"

"Na ji, Oga."

Ya cire agogonsa ya rataya a jikin bonet. Ya shiga ya murɗa makulli. Bugu ɗaya ta kama. Na ja totur daga jikin kafireto, injin ya ɗauki kuka har ganyen dogonyaro na rawa, kaji suka watse, masu wucewa suka toshe kunne. Na dubi Bulus na ga abin da ban cika gani ba, yana murmushi. Ya zagaya yana leƙa ƙasa ko mai na ɗiga, yana kasa kunne, yana yi mini alama da hannu in ƙara ko in rage. Amma bazarar Sakkwato ba ta san safiya ba. Kafin minti biyar zafi ya fara hawa, ya dinga yayyafa wa lagireto ruwa har bokiti biyun da muka tanada suka ƙare. Famfon bakin titi ya ɗauke tun jiya. Ya sa baki a kunnena ya yi ihu cewa zai shiga gida ya jawo ruwa a rijiya, hannun da ya kama totur shi zai ƙarasa. Ya ɗauki bokiti ya zagaya.

Bai daɗe da ɓacewa ba sai na hango wani tsoho tafe da sanda, da farin rawani, yana takowa a hankali. Malam Buba ne, mahaifin Alhaji Sidi. Malami ne da duk unguwar ke tashi tsaye in ya wuce. Ya ji a gida cewa yau za a tayar da motar ɗansa, ya ce bari ya zo ya sa mata albarka, bai gaya wa kowa ba. Ya tsaya a gabana, na ga bakinsa na motsi. Sallama yake yi, ni kuwa ina tsaye a kansa, hannuna a cikin inji, ƙara ta hana ni jin ko kalma ɗaya.

Ku da kuka tashi a garin nan kun san abin da ba a yi. Ba a amsa sallamar dattijo a tsaye, ba a miƙa masa hannu ɗaya, ba a ɗaga murya a kan tasa. Tun ina yaro aka dasa mini wannan da dorina. Maganar Bulus tana kunnena, kashe ta. Makullin yana nan, taku uku ne. Amma sai zuciyata ta ce, mahaifin mai mota ya zo sa albarka, da isowarsa mota ta mutu a gabansa, me zai je ya faɗa a gida? Za a ce aikin Oga bai yi ba, ko a ce ƙafar Malam ce. Na ce a raina ɗan sassautawa kaɗan ba zai yi komai ba, gaisuwa ce, yanzu za a gama. Na saki totur. Injin ya sauko yana gurnani a hankali, kamar shi ma ya rusuna. Na goge hannu a riga na durƙusa.

"Madalla, yanzu muka jin juna. An tashi lahiya?"

"Lahiya lau, Allah shi gafarta Malam."

"Ina gajiya? Ina zahi? Kai ɗan wa na?"

Na ce Umaru ne, ɗan Garba na Dundaye.

"Garba mai jan jaki? Allahu akbar! Ni na raɗa ma ƙanenai suna. Shina nan da rai?"

Ya tambayi babana, ya tambayi gwaggona, ya tambayi wata rijiya da aka haƙa tun kafin a haife ni. Ina amsawa, idona na satar kallon agogo a jikin bonet, kunnena na kan injin. Sannan ya ɗora tafinsa a kan motar ya ɗaga ɗaya hannun ya fara addu'a. Ya roƙa mata tsari daga hatsari da ɓarayi da mugun ido, ya roƙa wa direba, ya roƙa wa masu gyara, ya roƙa wa iyayenmu da suka riga mu. Ina cewa amin, zufa na zuba. Da ya shafa, allurar agogo ta ci kusan minti goma. Ya dafa kaina.

"Allah shi yi ma albarka. Yaran zamani ba su da wanga ladabi."

Yana juya baya na yi tsalle na ja totur. Bulus ya fito da bokiti a cike, ya watsa wa lagireto. Ya dubi agogo, ya sa na ƙara wasu minti ashirin cur. Na ɗauka taka-tsantsan ne irin nasa. Muka kashe, muka juye man yana da zafi, muka zuba sabo. Ya daɗe yana murza tsohon man a tsakanin yatsunsa yana kallo a rana. Washegari Alhaji ya zo ya ɗauki motarsa tana kuka lafiya, har ya yi mana kyautar goro.

Sati uku aka yi. Direba ya fara jin wani ƙas-ƙas a saman injin, sannan ƙarfi ya ragu, sannan ta tsaya cak a hanyar dawowa daga kasuwar ƙauye da buhunan gero a bayanta. Aka jawo ta, amma ba wurinmu aka kawo ba. Wani bakanike ya buɗe, ya zaro kamshaf, tudu uku sun cinye sun zama sumul kamar an goge su da dutse, garin ƙarfen ya bi mai ya lalata sauran aikin. Ya ce wannan ba sabo ba ne, tsoho aka wanke aka mayar. Alhaji Sidi ya zo gindin dogonyaro da ƙarfen a hannu da mutane biyar a bayansa, ya jefar da shi a gaban Bulus.

"Ga amanarka nan. An ce in tahi Kano, nic ce ina da mutum. Ina sabon da anka kawo?"

Bulus ya ɗauki ƙarfen ya shafa wuraren da suka cinye. Ya ce sabo ya sa. Sannan ya juyo gare ni a gaban kowa, muryarsa a kwance.

"Umaru, lokacin da na shiga ɗebo ruwa, ta sauka silo?"

Na ce, "A'a, Oga."

Ya dube ni na ɗan lokaci, ya gyaɗa kai, ya ajiye ƙarfen. Alhaji ya yi ta faɗa har ya gaji.

Na yi shekaru ina gaya wa kaina cewa don girman Malam Buba na yi shiru, wai ba zai yiwu a ce a gaban ɗansa addu'arsa ce ta ɓata inji ba. Yanzu da nake rubutawa da hannuna, ba zan rubuta wannan ba. Tsoro ne. Uwarku na da cikin Sani, gona ba ta nan, na ga kaina ina komawa Dundaye hannu rabbana. Da na isa gida na kasa cin tuwo, uwarku ta ce, "Mi yas same ka? Kai da Oga kun yi hwaɗa?" Na ce zafi ne. Ta ce, "In zahi na, sha hura." Na sha, ba ta wuce ba.

Magana a kasuwa ta fi mota gudu. Kafin wata guda an daina kawo wa Bulus babban aiki, sai faci da canjin mai. Masu wucewa kan ce, a lura da shi, yana sa tsoho ya ce sabo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni aka fara nema. Malam Buba ya yaba ladabina a gida, Alhaji ya ce da ma yaron ne mai amana a wurin. Mutum zai tsayar da mota ya ce, "Ina Umaru? Shi nika so shi duba." Bulus yana zaune a kan benci, sai ya ce, "Je ka, ka iya." In na kakare ya taso ya nuna mini, a ɓoye, don kada mai mota ya gani. Saratu ba ta daina miƙo kwano ba, tsokanar ce kawai ta daina. Da damina ta wuce ya ce ya samu aikin gyaran manyan motoci a wajen masu fasa dutse a Kalambaina, aikin albashi a ƙarƙashin wani. Mutumin da ke da gindin bishiyarsa. Ya raba kayan aikinsa biyu ya bar mini rabi, ya ce wa mai filin ni zan ci gaba. Na taya su ɗora kaya a mota, na ɗaure igiya da hannuna, bakina bai buɗe ba.

Shekara bakwai na yi kafin na iya zuwa Kalambaina. A lokacin garejin ya cika, na sa rumfar kwano, ana kirana Oga. Na same shi da yamma a ƙofar gidansa, farar ƙurar dutse ta shiga gashinsa da girarsa, yana tari. Ya yi murna, ya sa aka kawo ruwa. Na kasa zama a kujerar da ya nuna, na zauna a ƙasa na faɗa masa komai, tun daga sandar tsoho har zuwa a'a ɗin da na ce. Ya saurara har na gama.

"Umaru, ni da nake gane bawul ɗaya da ya saki daga tsallaken titi, kana zaton ban ji inji ya sauka ba, katanga ɗaya tsakaninmu?"

Na ɗago kai na dube shi, ya ci gaba.

"Guga na tsakiyar rijiya na ji. Na fizgo shi na juye a bokiti na rugo. Na leƙo ta kan katanga, na ga tsoho ya ɗaga hannu, kai kana durƙushe. Ni baƙo, Kirista, in fito in yi ihu a kan addu'ar malamin unguwa? Na tsaya. Na tsaya ina ƙirga minti kamar yadda kake ƙirgawa. Kamshaf ɗin mu biyu muka kashe shi. Har na so in sake buɗe injin in duba, na ce wataƙila Allah ya tsare. Wannan ma nawa ne."

Na ce, "To don me ka tambaye ni a gaban mutane, Oga?"

"Don in ka ce e, in ce ni ma na gani. Da mun ɗauka tare. Da ka ce a'a, in na musa, sai a ce arne ya ɓata aiki yana neman ya shafa wa yaronsa. Kamshaf namu ne. A'a ɗin nan taka ce kai kaɗai."

Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tun ran da ya bar mini sifanu. Amma da na tashi tafiya ya riƙe hannuna.

"Ni ba ka gaya mini sabon abu ba. Wanda bai sani ba yana Ƙofar Atiku. In kana son ka yi mini wani abu, shi za ka gaya wa."

Na yi alkawari. Sau uku na je zauren Alhaji Sidi a wannan shekarar, sau uku gaisuwa kawai na yi na fito, don motocinsa shida duk ni ke gyara su. Ina ta cewa sai an samu lokacin da ya dace. Mutane na kiran irin wannan haƙuri. Ina cikin jiran lokacin da ya dace aka aiko cewa ciwon ƙirji ya ɗauke Bulus, an tafi da shi garinsu.

Bayan sati guda na shiga zauren Alhaji ban tsaya neman lokaci ba. Ya tsufa, yana kishingiɗe a kan kilishi, 'ya'yansa ke kasuwa. Na durƙusa na ce na zo da magana a kan Oga Bulus, cewa kamshaf ɗin da ya sa sabo ne, ni na saki totur, ni na yi ƙarya. Alhaji ya karkato kunne.

"Wane Bulus?"

Na ce bakaniken gindin dogonyaro, maigidana, wanda aka ce ya ci amana.

Ya lalubo a ransa, sannan ya yi dariya.

"Af, wagga tsohuwar akori-kura? Ai ta daɗe da zama kwano. Kai Umaru, mi na amfanin tonon abin da yaw wuce? Allah shi jiƙan Baba, shina son ka ƙwarai."

Ya sa hannu a aljihu ya ba ni goro. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na fito. Na tsaya a ƙofar gidan na duba titi, na lissafa mutum biyar ɗin da suka rako shi ranar da ya jefar da ƙarfen a gaban Bulus. Uku sun rasu, ɗaya ya bar gari, ɗaya ba ya gane ko 'ya'yansa. Ba sauran wanda zan je in gaya wa.

Saura ku. Ku kuka ci, kuka sha, kuka yi makaranta daga gindin wannan bishiya. Kowannenku ya karanta wannan da bakinsa, a bayyane, a gaban 'ya'yansa. Bulus bai ci amanar kowa ba. Ubanku ne aka tambaya, ya ce a'a.